Ɓarawon da Ya Ƙi Shiga Gidana

An ce barci ɓarawo ne. To ni dai wata huɗu na yi ina bar masa ƙofa a buɗe, in kashe fitila, in kwanta in yi lamo, amma ɓarawon nan ya rantse ba zai taka ɗakina ba. Abin haushin ma, gado ɗaya muke kwana da wadda yake sacewa kullum. Uwargidana kafin kanta ya gama nutsewa cikin matashi ta yi nisa. Akwai daren da ta ce mini, "Maigida, gobe don Allah ka tuna mini da..." Har yau ban san da me zan tuna mata ba.

Abin ya faro ne daga wani aiki da ya sha mini kai a ofis, na yi mako biyu ina raba dare. Aikin ya ƙare, amma idona bai samu labari ba. In kwanta ƙarfe goma, sha ɗaya ta yi, sha biyu ta gota, ina ta juyi kamar mai ciwon haƙori. Ƙarfe biyun dare kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwata take buɗe nata ofishin. Da rana ka tambaye ni inda na ajiye makulli, sai dai in yi ta lalube. Amma ƙarfe biyu na bugawa za ta zaro mini fayil ɗin wata rana shekara goma sha biyar baya, da wani dattijo ya ce mini "sai da safe", ni kuma na ce masa "lafiya lau". Sai ta ce mu zauna mu tattauna wannan magana tun daga tushe.

Daga nan sai lissafi. Wanda bai taɓa rasa barci ba bai san yadda abin yake mayar da mutum gwanin lissafi ba. In leƙa agogo, 1:40. In na yi barci yanzu-yanzu, ina da awa huɗu da minti 20 kafin shida. In sake leƙawa, 2:15, saura awa uku da minti 45. Ga shi na karanta cewa baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, saboda haka kowane dare na san adadin bashin da ake bina, har da na jiya da shekaranjiya.

Na ji an ce Turawa tumaki suke ƙirgawa, suna tsallake shinge ɗaya bayan ɗaya. Na gwada. Lafiya lau muke tafiya har tunkiya ta 212 ta zo ta tsaya, ta ƙi tsallakewa. Na lallaɓa ta, na zagaya ta bayanta na tura, ta ƙi. Kafin in gama da ita na fara tunanin wa zai ciyar da sauran 211 da suka riga suka haye. Daga baya na ga ashe a 2002 masu bincike a Jami'ar Oxford sun gwada irin wannan a kan masu rashin barci. Waɗanda aka ce su riƙa hasko wani wuri mai sanyaya rai, kamar bakin teku, sun rage kimanin minti 20 a kan jiran da suka saba yi, waɗanda aka ce kawai su kawar da hankalinsu daga tunane-tunane kuwa ba su ci wata riba ba. Daren nan na tafi bakin teku. Iska tana kaɗawa, igiyar ruwa tana zuwa tana komawa, har jikina ya fara saki. Sai na tuna ban iya ruwa ba.

Duk wannan ilimin, in faɗi gaskiya, a waya na same shi, tsakar dare, a ƙarƙashin bargo. A nan na karanta cewa idan duhu ya yi jiki yana sakin wani sinadari da ake kira melatonin, wanda yake sanar da gaɓɓai dare ya yi, kuma haske yana danne shi. Na karanta wannan ƙarfe uku na dare, hasken waya yana dukan fuskata, na gyaɗa kai na ce lallai gaskiya ne, na buɗe shafi na gaba. Na karanta labarin Amurkawa uku da suka samu kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda agogon cikin jiki yake aiki, kuma da ƙudan 'ya'yan itace suka yi binciken. Wato ƙuda ma yana da lokacin kwanciyarsa. Na karanta na Randy Gardner, ɗan shekara 17 a San Diego, wanda a 1964 ya cika awa 264 ido biyu, kwana 11 cur, sannan ya kwanta ya yi barcin fiye da awa 14. Shi ya shiga tarihi. Ni da nake nawa a kyauta, ko sannu ba wanda ya ce mini.

Har agogon hannu mai auna barci na saya. Na ɗaura shi, na miƙe sambal ban motsa ba don kada in ɓata masa aiki, idona a kan silin har gari ya waye. Da safe ya taya ni murna, wai na yi barcin awa bakwai da rabi. Ashe galibi motsi da bugun zuciya yake dubawa, mutum in ya iya kwanciya kamar gungume sai ya rubuta masa barci. Na rasa wa zan gaskata, ni da na kwana a wurin ko agogo.

Abin da ya kai ni ga likita a ofis ya faru. Ɓarawon da nake gadi a gida, ashe a ɗakin taro yake jirana. Shugaba yana ta bayani, ni kuma gyangyaɗi ya kama ni, kaina yana sauka yana tashi. Shi kuwa ya ɗauka gyaɗa kai nake. Ban farka ba sai da na ji tafi, ana ta miƙo mini hannu. An naɗa ni shugaban kwamitin da kowa yake gudu, saboda ni kaɗai na amince da kowane sharaɗi, wasu ma sau biyu.

Na je wurin likita da niyyar karɓar ƙwaya in dawo. Ya tambaye ni dare nawa a mako, wata nawa. Ya ce in abin ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, ya zama rashin barci mai naci. Na ce ai ni na wuce makin cin jarrabawa. Ya tambayi me nake sha da rana. Na ce kofi ne kawai, don in iya buɗe ido, na ƙarshe wajen biyar na yamma.

Ya ajiye biro. Ya ce tun da mutum ya farka wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne yake kawo nauyin ido, kafeyin kuma, wato sinadarin da ke cikin kofi, zuwa yake ya zauna a kujerarsa ya hana shi aiki. Kuma kafin jiki ya fitar da rabin kafeyin ɗin sai an yi kimanin awa biyar. "Malam, kofinka na biyar ɗin yamma, ƙarfe goma rabinsa yana nan yana kwanciya tare da kai."

Na ce ai don in rama bashi har ƙarfe tara nake shiga gado yanzu. Ya ce nan ne garin neman ƙiba na samo rama. Na koya wa ƙwaƙwalwata cewa gado wurin lissafi da shari'ar tsofaffin gaisuwa ne. Ya zayyana mini dokokin da wani masani, Richard Bootzin, ya fito da su tun 1972: kada in hau gado sai barci ya fara fizgata, in na yi kamar minti 20 bai zo ba, in tashi in koma falo, fitila ƙasa-ƙasa, in yi wani abu mara daɗi har ido ya yi nauyi, in tashi lokaci ɗaya kowace safiya ko da awa biyu na samu, ban da barcin rana. Ya ƙara da cewa in juya fuskar agogo bango, waya kuma ta kwana a wani ɗaki.

Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, barci na zo nema, ka ce in tashi daga gado?"

Ya yi dariya. Ya ce tun 2016 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawarar a fara da irin wannan gyaran ɗabi'a da tunani kafin a kai ga ƙwaya. "Kai da kanka ka ce ɓarawo ne. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya shiga gida mai gida yana zaune yana jiransa da agogo a hannu?"

Makon farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Agogo ya kaɗa shida in tashi ina layi, ina yi wa likitan nan addu'ar da ba zan rubuta ba. Abu mara daɗin da na samu kuwa shi ne littafin bayanin injin wankinmu, shafi 48, wanda tun da aka sayi injin ba wanda ya buɗe. Sai in zauna a falo in fara: kada a bar yara su shiga cikin injin, kada a taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu, kada a zauna a kan ƙofar. Dare na farko sau uku na yi zirga-zirga tsakanin falo da gado. A mako na uku sau ɗaya ya ishe ni. Yanzu wani daren ko falon ba na zuwa, wani daren kuma ƙwaƙwalwa takan ɗan leƙo da tsohon fayil ɗinta, in ɗauki littafina in fita.

Shekaranjiya injin ya tsaya ana tsakiyar wanki, wata jar fitila tana ta ƙiftawa. Uwargida ta leƙo da kumfa a hannu. "Maigida, zo ka duba mana. Kai da ka yi wata biyu kana karatun littafin nan, ai yanzu ka zama injiniya."

Na ɗauko littafin na duba jerin abubuwan da ke ciki. Bayanin jar fitila yana shafi na 41. Alamar da nake sa wa tana shafi na 6.