Bakano da Matatar Kifin Teku

Bakano ya sauka a Samaru wajen abokin wasansa Bazazzagi, ya tarar da tankin gilashi ya cinye rabin falo.

Bakano: Kai bawana, wannan kifin ai ko cokali ba zai cika ba.

Bazazzagi: Ba na ci ba ne. Kifin teku ne, daga Legas aka kawo min.

Bakano: Teku a Zariya? Yaushe Kubanni ta samu ƙarin girma ba mu ji ba?

Bazazzagi: Ni nake haɗa tekuna. Gishiri na musamman, wajen giram 35 a kowace lita.

Bakano: Ga gishiri ga kifi, babu albasa. Allah Ya shirye ka. Waɗannan bututan biyu fa?

Bazazzagi: Matatar ruwa ce. Famfo ke tura ruwa ta ƙasa, ya ratsa abin da ke ciki, ya fita ta sama. Baƙin nan gawayi ne da aka sarrafa, shi ke janye wari da rawayar ruwa. Jan nan kuwa tsatsar ƙarfe ce aka yi ta kamar tsaki, tana kama sinadarin fosfet don kada gansakuka ta rufe min gilashi.

Bakano: Da kuɗinka ka sayi tsatsa? Ai da ka yi magana na kankaro maka ta kwanon gidanmu, in yi maka ragi. To me ya sa ruwan ke tafiya kamar amarya za ta ɗakin miji?

Bazazzagi: Haka ake so. Jan, samansa kawai zai riƙa motsi, kamar kunu ya fara tsuwa. Gawayin kuwa a kwance, ko gizau. In suka yi rawa, junansu suke niƙewa.

Bakano: Ka biya kuɗin famfo cif, kana cin rabin aikinsa? A Kano wannan asara ce.

Kafin a ce kwabo ya murɗe makunnin har ƙarshe.

Bazazzagi: Innalillahi! Dubi ruwan!

Bakano: Ikon Allah. Zoɓo!

Bazazzagi: Garin tsatsar ne ya fita! Sabuwa ma sai na zubar da ruwan farko kafin in haɗa ta da tanki.

Bakano: Kwantar da hankalinka, na rufe shi ruf.

Bazazzagi: Kar ka rufe! In ruwa ya yi kaɗan, dunƙulewa take kamar siminti, ruwan ya fasa hanya ɗaya ya bi, sauran na zaune a banza.

Bakano: A buɗe laifi, a rufe laifi. Kishiya ka ajiye a falo?

Sai aka ɗauke wuta. Famfo ya yi tsit.

Bazazzagi: Shi ke nan. In ruwan ya kwana a bututun, warin ruɓaɓɓen ƙwai zai yi, kuma kifin ba iska.

Bakano: Janareto fa?

Bazazzagi: Ba mai.

Bakano: Hajiya! A ɗora kasko. Kar a sa gishiri, da abinsa ya zo.