Bakano, Bazazzagi da ɗan ƙwallon da ba ya magana

Wani Bakano ne direban tasi a Melbon ta Ostireliya, ya daɗe a garin har ya fara zama ɗan gari, sai ga Bazazzagi ya sauka zai yi digiri na uku. Bakano ya ja shi shagon kebab a unguwar Richmond, talabijin ɗin shagon na maimaita wasan ƙarshe na 2020 na gasar AFL, wato ƙwallo irin ta Ostireliya.

Bazazzagi: Kai Bakano, wane irin rikici ake nunawa haka? Ba 'yan sanda ne a ƙasar nan?

Bakano: Ƙwallo ce malam, zauna ka ci abinci.

Bazazzagi: Wace ƙwallo? Abu kamar gwanda, ana cafkewa da hannu, ga turaku har huɗu ba raga ba gola, riguna ba hannu, haba don Allah.

Bakano: Futi suke ce mata. Kowane ɓangare mutum 18. In ka buga ta bi tsakanin dogayen turakun nan biyu maki 6, in ka kuskure ta bi ta gefe maki 1.

Bazazzagi: Tsaya tsaya. Mutum ya ɓarar da ƙwallo kuma a ba shi maki?

Bakano: Ladan wahala ne. Ai shi ya sa na ce wasan zai karɓe ku. Kai dai kalli mai lamba 4 ɗin can, mai baƙar riga da ratsin ɗorawa, wanda ya zane wuyansa kaf. Dustin Martin kenan, Dusty, tsohon ɗan tsakiyar kulob ɗin Richmond. A zamaninsa in alƙali ya doka ƙwallo a ƙasa ta tashi sama shi ke faɗawa cikin turmutsutsun nan ya ƙwato ta ya fito da gudu, in ya ga dama kuma ya wuce gaba ya ci da kansa, a wasan nan ma huɗu ya zuba wa Geelong.

Bazazzagi: Toh a wace jami'a ya yi karatu?

Bakano: Na san za a zo nan. A aji 9 ya ajiye biro, ya bar garinsu Castlemaine ya tafi Sidni wurin babansa yana tuƙa motar ɗaga kaya a sito.

Bazazzagi: Innalillahi. Ko sakandare bai gama ba?

Bakano: Bai gama ba, kai kuma ga ka da digiri biyu ina saya maka kebab. Da ya dawo ya shiga ƙungiyar matasa ta Bendigo, a 2009 Richmond ta ɗauke shi a zaɓi na 3. Nan ba a sayen yara da kuɗi, layi ake bi, wanda ya ƙare a ƙasan tebur shi ke fara zaɓa. Kulob ɗin Melbon ne ke da na 1 da na 2, duka biyun suka tsallake shi, wlh har yau ina zargin Bazazzagi ne ya ba su shawara.

Bazazzagi: Kai kai kai! Ka ga abin da ya yi? Ya danna wa mutum tafin hannu a ƙirji ya kifar da shi! Rafali jan kati!

Bakano: Babu jan kati a wasan nan.

Bazazzagi: Babu me?

Bakano: Babu. Kuma wannan turewar halal ce muddin bai kai wuya ko fuska ba, ita ce ma ta yi masa suna, "ban da gardama" ake kiranta. Ka taho za ka kama shi ya miƙa hannu ɗaya, sai dai ka tashi kana kakkaɓe wando.

Bazazzagi: A ilimance wannan cin zarafi ne.

Bakano: A ilimance Richmond ta yi shekara 37 ba kofi, tun 1980, mutum ya haifi ɗa ɗan ya haifi jika duk suna jira. Sai 2017 yaron nan ya tashi, ya ci Brownlow da ƙuri'a 36, lokacin ba wanda ya taɓa kai haka a tsarin ƙuri'ar da ake bi, ita ce kyautar gwarzon shekara kuma alƙalan wasa ke jefa ƙuri'ar bayan kowane wasa, 3 da 2 da 1.

Bazazzagi: Rafali ke zaɓen gwarzo? Kuma ba mai kai masa ambulan da daddare?

Bakano: Ka ji halinku. A satin da ya ci Brownlow ɗin dai suka lallasa Adelaide 108 da 60 a filin MCG na Melbon, aka ba shi Norm Smith ta gwanin wasan ƙarshe. Brownlow da kofi da Norm Smith a shekara ɗaya, shi ya fara. 2019 suka yi wa kulob ɗin GWS na Sidni 114 da 25 a wasan ƙarshe.

Bazazzagi: Wannan ai ba wasa ba ne, zalunci ne.

Bakano: Norm Smith kuma tasa. Wannan da kake kallo a Birisben aka yi saboda korona, 81 da 50, ya sake ɗauka, uku kenan. Har da ɗan'uwanmu Musulmi a tawagar, Bachar Houli ɗan baya, shi ma kofi uku gare shi.

Bazazzagi: Alhamdulillah, ashe akwai mai hankali a ciki. To kai da ka san komai, nawa ake biyansa? Na san nan zancen zai ƙare.

Bakano: Kar ka tuna min. A 2017 ɗin North Melbourne ta ajiye masa kuɗin da ya fi na Richmond nesa ba kusa ba, yaron nan ya kalli kuɗi ya kau da kai, ya sa hannu shekara bakwai a inda yake. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Bazazzagi: Kuɗinka ne?

Bakano: Kuɗi ai kuɗi ne ko na waye. Kuma bayan kofin 2019 ya bar motarsa a fakin ɗin MCG makonni ya tafi yawon duniya, mota lafiyayya tana zaune ba ta ɗaukar fasinja!

Bazazzagi: Shi duk dukan nan ba ya jin jiki?

Bakano: Ya ji. A 2021 suka yi karo da wani ɗan Brisbane ƙodarsa ta tsage, sai asibiti, shekarar ta ƙare masa. Ya dawo ya lallaɓa har ya cika wasa 300 a 2024, mutum sama da dubu 90 suka cika fili don shi, ya ƙara biyu ya ce ya gaji. Wasa 302, ƙwallo 338.

Bazazzagi: Lallai ranar an sha jawabi.

Bakano: Wa? Dusty? Shekara 15 'yan jarida na bin sa da makirfo, da ƙyar suke samun jimla biyu. Kai da ka sauka shekaranjiya ka fi shi magana a garin nan.

Sai ga mai shago da takardar kuɗi. Bazazzagi ya gyara tabarau ya tura ta gaban Bakano.

Bazazzagi: A al'adance dai mai masauki ke biya, a ilimance kuma...

Bakano ya miƙe, ya danna masa tafin hannu a ƙirji ya mayar da shi kan kujera, ya nufi ƙofa.

Bazazzagi: Kai Bakano! Wannan ai keta ce! Rafali!

Mai shago, Bature ɗan Richmond, ya leƙo ya duba inda hannun ya sauka, ya ce ƙirji ne bai taɓa wuya ba, a ci gaba da wasa, dala 38.