Harafin 町 da abin da baƙo a Japan ya kamata ya sani game da shi

Bahaushen da ya zo zama Japan, ni a ganina, ya fara riƙe harafin 町, mai nufin gari ko unguwa, tun kafin ya damu da sauran. Rubuta shi ba wuya: zane 7 ne, alamar gonar shinkafa 田 a hagu, 丁 a dama, kuma yara a aji ɗaya na firamare suke koyonsa. Wahalar tana wajen karantawa. Wani wuri machi ne, wani wuri cho, kuma ch ɗin da ke kan allunan tasha daidai yake da c ɗinmu.

Babu ƙa'idar da za ta fisshe ka kullum. A layin jirgin Yamanote na Tokiyo, tashar Hamamatsucho da ta Tamachi maƙwabta ne, harafi ɗaya ne a ƙarshen sunansu, amma furuci ya bambanta. Haka furucin ya bambanta a sunayen Otemachi da Yurakucho. Ana cewa garuruwan gabashin ƙasar sun fi amfani da machi, na yamma cho, to amma a Hokkaido da ke can arewa duk cho ne in ban da Mori-machi. Saboda haka a haddace kowane suna tare da furucinsa. Takardun ofis da na banki suna da layin da ake rubuta furucin adireshi da kana, wato haruffan Japan masu nuna sauti, kuma nan ne hasashe yake tona wa mutum asiri.

Wani tarkon shi ne chome da ke cikin adireshi. Da 丁目 ake rubuta shi, ba da 町 ba, ko da yake kunne ba ya rarrabewa.

Mu mun raba gari da unguwa. Wannan harafin ya haɗa su. Yana nufin ƙaramar hukuma mai shugabanta, chocho, da ofishinta, machi-yakuba, wadda matsayinta ke tsakanin birni da ƙauye. Yana kuma nufin unguwa kawai a cikin babban birni, marar ofishi ko shugaban hukuma. Wanda adireshinsa ke ɗauke da 町 a cikin birni, ofishin birni ko na gunduma zai je yin rajistar zama.

Inda na fi ganin kamanni da gida shi ne sunayen tsofaffin unguwanni. A Kanda ta Tokiyo akwai Kajicho, unguwar maƙera, da Konyacho, ta marina, yadda sana'a take raɗa wa unguwa suna a biranenmu. Shukubamachi kuwa zango ne sak: garin da ya tsiro inda matafiya ke yada zango, kamar masaukai 53 na hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Kyoto da Edo (Tokiyo ta yanzu), a zamanin Edo. Jokamachi gari ne da ya kafu a gindin fadar mai mulki, monzenmachi a ƙofar wurin ibada, minatomachi a bakin tashar ruwa. Duba yadda a duk waɗannan machi ake cewa, amma 'yan kasuwa da masu sana'ar cikinsu chonin ne.

Kalmar da ta fi shafar rayuwar baƙo ita ce chonaikai, ƙungiyar mazauna unguwa. Kada a ɗauke ta kamar mai unguwa. Namu sarauta ce, sama da shi akwai dagaci da hakimi har zuwa sarki, kuma yakan sasanta rigimar gida. Shugaban chonaikai mazauna ne ke naɗa shi, sau da yawa karɓa-karɓa ake yi, kuma ba ruwansa da aurenka ko bashinka. Aikinsu wurin zuba shara, sharar titi, bikin unguwa da atisayen girgizar ƙasa. Shiga ba dole ba ne a doka, amma ina ba da shawara a shiga a biya ɗan kuɗin. Ta nan kairanban zai riƙa iso maka, wato allon sanarwa da ke zagaya gida-gida. In ya zo, ka karanta, ka sa hannu ko hatimi a gefen sunanka, ka miƙa wa gida na gaba a ranar. In ya kwana biyu a wurinka, sauran gidajen layin ba za su ga sanarwar a kan lokaci ba.