Gidajen Lamu suna gyaruwa, masu gidan suna ƙaura

Tsohon garin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya ya shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO a shekarar 2001, kuma babbar hujjar ita ce fiye da shekara 700 ke nan mutane na zaune cikinsa, bai taɓa zama kufai ba. Lungunansa sun matse ƙwarai, mota ba ta ratsa su, saboda haka har gobe jaki ne ke dakon yashi da kayan masarufi.

A ganina, irin yawon buɗe idon da ake tutiya da shi a can yana cin wannan hujja a hankali. Attajirai daga Turai sun saye gidaje da dama na dutsen murjani masu sassaƙaƙƙun ƙofofi, musamman a ƙauyen Shela da ke kusa da garin, kuma gaskiya ne sun ceto waɗansu da suka kusa ruftawa, domin gyaran irin wannan gini da farar ƙasa ya fi ƙarfin talaka. Amma da zarar farashi ya tashi, magadan da suka taru a kan gida ɗaya sai su ga sayarwa ta fi musu sauƙi, su raba kuɗin su koma bayan gari, gidan kuma ya yi wata da watanni a kulle, sai mai gadi kaɗai.

Baƙin da suka fi amfanar garin, a wurina, su ne masu zuwa Maulidin masallacin Riyadha, wanda malamin addini Habib Swaleh ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Daga sassan gabashin Afirka suke tahowa, da yawansu a gidajen jama'a suke sauka, abincin kasuwa suke ci, kuɗinsu kuma a hannun mai jaki da mai jirgin ruwa yake faɗawa. Turawa kuwa sun ɗauke ƙafa bayan sace-sacen mutane na 2011 da harin da aka kai garin Mpeketoni na yankin Lamu a 2014, otal-otal suka koma wayam.

Ya kamata gwamnatin yankin ta ware wani kaso na harajin masaukan baƙi don gyara gidajen da iyalansu ke ciki, kuma ta ɗauki nauyin yaran da ke koyon sassaƙa da ƙera jiragen ruwa, tun da sabuwar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 2021 ta fara jan hankalin matasa da albashin wata.