'Yan matan Zamfara da ƙwallon kwando: a gyara matakin farko

A watan Agustan 2025, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya karɓi 'yan wasan D'Tigress, tawagar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, a fadarsa, ya yi wa kowacce alkawarin dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ta ƙasa, labarin ya zaga majalisun hira a Gusau. Kuɗin ne ya fi ɗaukar hankali. Wasu na lissafa shi da naira, wasu na cewa ya yi yawa a ƙasar da malamin firamare ke kuka da albashinsa. Kowa da hujjarsa. Ni kuwa tambayar da ta tsaya mini a rai ita ce: wace hanya yarinya ke bi har ta kai can, kuma a ina hanyar ta yanke wa ɗiyan Zamfara?

Matan nan ba da wasa suka samu abin da suka samu ba. Sau 5 a jere suna ɗaukar kofin ƙwallon kwando na matan Afirka, daga 2017 zuwa 2025. A gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024 sun doke Ostareliya da Kanada, suka zama tawagar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen kwata-fainal. Mace ce kuma ta horar da su a wannan gasa, Rena Wakama.

Idan aka bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, za a ga kusan dukansu tsani ɗaya suka hau, mai mataki uku: makarantar sakandare, kwaleji ko jami'a, sannan wasan sana'a. Ɗauki Evelyn Akhator. A Legas aka haife ta, kuma sai da ta kai shekarun sakandare ta fara taɓa ƙwallon. Tsawonta da ƙwazonta suka samar mata gurbin karatu a Kwalejin Chipola da ke jihar Fulorida a Amurka, ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, inda ƙungiyarsu ta ɗauki kofin ƙasa na irin waɗannan kwalejoji a 2015. Daga nan Jami'ar Kentucky ta ɗauke ta. A 2017, da ƙungiyoyin WNBA, babbar gasar mata ta Amurka, suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa, ita ce ta uku da aka kira sunanta, ƙungiyar Dallas Wings ta ɗauke ta. Zamanta a can bai yi tsawo ba, amma ta ci gaba da sana'arta a Rasha da Turkiyya da wasu ƙasashen Turai, tana kuma dawowa ta buga wa Najeriya.

Abin lura shi ne, a kowane mataki karatu da wasa a haɗe suke tafiya. A Amurka tun 1972 aka yi dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasanni. Dokar ce ta tilasta wa jami'o'i su ware guraben karatu kyauta ga 'yan wasa mata, kuma ɗalibar da karatunta ya yi ƙasa ba ta shiga fili. Shi ya sa da yawa daga cikin taurarin D'Tigress, irin su Ezinne Kalu da Amy Okonkwo da ita kanta Wakama, haifaffun Amurka ne da wancan tsarin ya raina, muka zo muka ci moriya. Akwai kuma wadda a nan gida ta fito: Murjanatu Musa ta yi suna a ƙungiyar Air Warriors ta Abuja a gasar lig ta mata da bankin Zenith ke ɗaukar nauyi, daga nan ta wuce Sifaniya, sannan Faransa. Ke nan ba dole sai an haifi yarinya a ƙetare ba. Abin da ya zama dole shi ne wani ya miƙa mata ƙwallo tana da shekara 12 ko 13, a filin da ke da kwando, a gaban wanda ya san wasan.

A nan ne namu ya karye. Na shiga wata makarantar 'yan mata a jihar nan, aka nuna mini abin da suke kira filin ƙwallon kwando. Simintin ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar. Ƙarfe ɗaya ya karkace ya sunkuyo, ɗayan ma babu zoben, sai allon katako da rana ta cinye. An ɗaura igiya daga wannan ƙarfe zuwa wancan, ɗalibai sun shanya kayan makaranta. A gefe kuma ga 'yan mata suna 'yar gala-gala da tsalle-tsalle, wasu dogaye sambal, irin tsawon da masu neman 'yan wasa ke tafiya ƙasa-ƙasa suna nema. Na tambayi wata malama ina ƙwallon, ta ce, "Ranka ya daɗe, tun da na zo makarantar nan ban taɓa ganin ta ba." Wasannin da suka sani su ne na ranar gasar gidaje, sau ɗaya a shekara, a yi fareti a yi tsere, a raba bokiti da kofi, a watse.

Na san abin da mai karatu a Gusau ko Ƙauran Namoda zai fara cewa, kuma ba na raina shi: sutura. Mu Musulmi ne, jihar nan ce ta fara ƙaddamar da shari'a a wannan jamhuriya, kuma babu uban kirki da zai so ganin ɗiyarsa da gajeren wando a gaban maza. Kan wannan nake so a san labarin Bilqis Abdul-Qaadir.

Bilqis Musulma ce 'yar garin Springfield a jihar Massachusetts, garin da aka ƙirƙiro wasan kansa a 1891. Ba ta da wani tsawo na a zo a gani. Amma kafin ta gama sakandare a 2009 ta tara maki 3,070, adadin da babu wani ɗalibi, namiji ko mace, da ya taɓa kai shi a jihar kafin ita. Ta yi hakan ne kanta a rufe, hannuwanta da ƙafafunta a rufe. Ta shiga Jami'ar Memphis, daga baya ta koma Indiana State, ta zama mace ta farko da ta buga wasa da lulluɓi a babban rukunin gasar jami'o'in Amurka. Da ta gama a 2014 ta nufi mataki na uku, wato wasan sana'a a Turai, sai ta tarar da ƙofa a rufe. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tana da dokar da ta hana rufe kai a fili, da hujjar wai gudun rauni. A wannan shekarar ce ma tawagar matan Katar ta janye daga gasar Asiya a Koriya ta Kudu saboda an ce sai sun cire hijabi. Bilqis ta zaɓi addininta. Ta haƙura da kwantiragi, ta haɗa kai da wasu mata suna kai ƙorafi, har FIBA ta sauya dokar a watan Mayun 2017, sabuwar ta fara aiki a watan Oktoba. Kafin nan shekarun ganiyarta sun wuce. Ta koma horar da ƙananan 'yan mata Musulmi.

Wannan mata ta biya farashin da ɗiyanmu ba za su sake biya ba. Yau dokar FIBA ta yarda mace ta shiga gasar duniya kanta a rufe, da riga mai dogon hannu a ciki, ƙafafunta a rufe. Amma shekaru sun shuɗe da wannan sauyi, mu da aka fi yi wa amfani ba mu ko motsa ba.

Duk da haka ba zan ce an gama magana ba. Akwai malaman da za su ce kayan da ke bin jiki, ko da sun rufe fata, ba su cika sharuɗɗan hijabi ba, kuma wasa a gaban maza da kyamarori wani abu ne daban. Wannan magana ce mai nauyi, kuma hukuncin ko yarinya za ta kai wancan mataki yana hannun ita da iyayenta da malaman da suka yarda da su. Abin da nake kira a kai bai kai can ba tukuna. Motsa jiki ga mace a inda babu maza ba abin saɓani ba ne. Hadisi ya zo a Sunan Abi Dawud cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya suka sake ya tsere mata. Fili a cikin katangar makarantar 'yan mata, malama mace, alƙaliyar wasa mace, 'yan kallo mata: ina abin ƙi a nan?

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne Zamfara na riƙe da abin da sauran jihohi ba su da shi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gusau ta mata ce zalla. Ga mataki na biyu a gine, ɗalibai daga sassa daban-daban, kuma malamai ake yayewa. Da hukumar kwalejin da ma'aikatar ilimi da ta wasanni za su zauna, a kawo masu horarwa daga hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa su koyar da ɗalibai dokokin wasan da alƙalanci, to duk wadda ta fita da takardar NCE ta tafi koyarwa a Anka ko Gumi ko Talatar Mafara, ta tafi da wasan a hannunta. Matsalar rashin koci mace, wadda ita ce ainihin abin da ke sa iyaye ja da baya, daga nan za a fara warware ta. Kwalejojin ilimi na da gasarsu ta ƙasa, NICEGA, kamar yadda jami'o'i ke da NUGA, kwalejojin fasaha ke da NIPOGA. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Kwalejin Fasaha ta Ƙauran Namoda. Makarantun sakandare ma na da gasar Milo da aka shafe sama da shekara 20 ana yi, da rukunin mata a ciki. Duk waɗannan ƙofofi a buɗe suke, sai dai ba a shiga gasa da 'yan wasan da ba su taɓa riƙe ƙwallo ba.

Za a ce mini, jihar da aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021, jihar da iyaye ke kwana da fargaba, ita ce za ta tsaya maganar wasa? Tsaro na gaba da komai, babu musu. Amma waɗanda suka yi ƙarfin halin mayar da ɗiyansu makaranta bayan duk wannan, sun cancanci a ba yaran makaranta cikakkiya. Yarinyar da ta taso cikin jin ƙarar bindiga da labarin sata, tana bukatar awa ɗaya da yamma da za ta yi gudu, ta yi gumi, ta yi ihu da ƙawayenta, ta manta. Kuma ƙwallon kwando ya dace da halin da muke ciki fiye da ƙwallon ƙafa, domin ba ya bukatar fita bayan gari. Cikakken fili mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance. Akwai ma na mutum uku-uku da ake bugawa a kusan rabin fili da kwando ɗaya, wanda ya shiga gasar Olamfik tun ta Tokyo. Daɓen siminti, ƙarfe, allo, zobe a tsawon mita 3.05, ƙwallo mai lamba 6 ta mata, shi ke nan. Zamfara na cikin jihohin shirin AGILE na Bankin Duniya da ke gyara makarantu domin 'yan mata. Lokacin da ake gyaran aji da banɗaki da katanga, ƙara daɓe ɗaya ba zai karya kasafi ba.

Ba na so a yi wa kowa romon baka. A cikin dubban 'yan matan da za su fara, ƙalilan ne za su ci abinci da wasan. A WNBA kowace ƙungiya 'yan wasa kusan 12 kawai take riƙewa, kuma duniya gaba ɗaya ke rububin guraben. Gasar lig ta gida ba ta biyan abin da zai riƙe iyali, rauni ɗaya a gwiwa kuma na iya kawo ƙarshen komai. Akwai kuma 'yan damfara masu kiran kansu dillalan 'yan wasa, da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan fita waje. Shi ya sa mataki na biyu ya fi na uku muhimmanci a wurina. Ribar da ta tabbata ita ce takardar shaida, da lafiyar jiki, da yarinyar da ta koyi tashi bayan an doke ta.

Na yi wannan hira da wani dattijo maƙwabcina mai ɗiya a aji biyu na ƙaramar sakandare, doguwa ce ƙwarai, har ƙawayenta na tsokanarta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban ƙi ba. In dai cikin makaranta ne, kuma mace ce za ta koya masu, kuma ba za a taɓa mata karatu da Islamiyya ba, ta je ta yi. Abin da ban yarda ba shi ne a ɗauke ta a mota da wani ƙato a ce an tafi gasa." Sharuɗɗansa uku, kuma babu wanda ya fi ƙarfin gwamnati ko hukumar makaranta. Na tabbata iyaye irinsa sun fi yawa a kan waɗanda za su ce a'a kai tsaye, sai dai ba a taɓa zama da su an tambaye su ba.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, ana kuma ta gyaran makarantu. Roƙona ga ma'aikatar ilimi shi ne ta zaɓi makarantun 'yan mata kaɗan a Gusau da manyan garuruwan da ke da tsaro, ta yi musu fili, ta tura malama guda mai horo a kowacce, ta sa ƙungiyar iyaye da malamai ta rubuta ƙa'idojin sutura da na tafiya da hannunta. A ƙarshen zangon karatu na biyu a haɗa su gasa a harabar kwalejin mata ta Gusau, ƙofa a rufe, iyaye mata su zo kallo. Wadda ta yi fice, jiha ta ɗauki nauyin karatunta har ta gama.