Motocin da ake kawo mana fa, wa ke duba su?

Na karanta labarin taron Janeba, inda ƙasashe ke daidaita ƙa'idojin ƙera motoci a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tun yarjejeniyar 1958. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka. Amma mu nan Damagaram sabuwar mota nawa muke gani? Kusan duka 'yan gwanjo ne da suka gama wahala a Turai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Wasu an cire musu jakar iska mai kare mutum idan an yi haɗari kafin su iso, birkin ma sai addu'a. A haka za a loda mutane da buhuna a kama hanyar Tanut zuwa Agadas.

Sabuwar ma ba ta tsira ba. A 2018 Global NCAP, ƙungiyar da ke gwajin karon motoci tana ba su maki da taurari, ta gwada Nissan NP300 da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manyan da ke cikinta.

Ni dai a ganina, a duba mota tun a tashar jirgin ruwan da za ta taso, wadda ta kasa kada a loda ta. Mu kuma duwan da masu binciken lafiyar mota su daina sa hannu kan takarda ba su ga mota ba. Sannan a sa batun hular kwano a gaba, don 'yan kabu-kabunmu da kai tsirara suke yawo, kuma yaranmu ne.