Ba 'yan SS kaɗai suka yi kisan ba

Da yawa idan suka ji cewa a Amurka ana kai 'yan sanda da alƙalai gidan tarihin Holokos (kisan Yahudawa a zamanin Hitila) da ke Washinton, sai su ce me ya haɗa kifi da kaska, ai kisan ƙare dangin Yahudawa aikin dakarun SS na Hitila ne.

Ba haka zancen yake ba. A watan Yulin 1942, bataliyar 'yan sanda ta 101 ta Jamus, galibinsu magidanta daga birnin Hambug, ta harbe Yahudawa kusan 1,500 a garin Yuzefuf na ƙasar Folan. Kwamandansu, Manjo Trapp, ya ce wanda ba zai iya ba ya koma gefe. Cikin 'yan sandan kusan 500, 'yan ƙalilan ne suka fito, alhali ba wanda aka kashe don ya ƙi. Nan ne abin ya fi tayar da hankali.

Alƙalan Jamus ma da hannunsu dumu-dumu. Su suka riƙa ɗaure mutane da dokokin wariya na 1935, har aka gurfanar da ma'aikatan shari'a 16 a Nurembag a 1947.

Shi ya sa tun 1999, da haɗin gwiwar Charles Ramsey, shugaban 'yan sandan Washinton na lokacin, ake zaunar da kuratan 'yan sanda a gidan tarihin su dubi yadda ɗan sandan unguwa ya koma mai kamen maƙwabtansa.